Muttaka Ya Adana Wasiƙar Bajamushe

Duk ɗalibin Arewa da ya zauna a Kuala Lumpur a shekarun korona ya san Muttaka Alkasim, in bai san shi da suna ba ya san jakarsa. Baƙa ce ta fata, ba ya rabuwa da ita ko masallaci za shi. Takardu ne fal a ciki, kuma babu wadda ba a yi wa laminatin ba, wato an kai ta shago an manne ta tsakanin roba biyu da injin zafi, ta fito tana sheƙi, ta yi tauri kamar faranti. Takardar haihuwa, sakamakon firamare, shaidar aure, katin rigakafin 'yarsa Ummukulthum, har katin gayyatar ɗaurin aurensa bai tsira ba. Matarsa Kamila takan ce da injin zai ɗauki mutum, da tuni ita ma tana cikin roba.

Ba a banza ya tashi da wannan hali ba. Yana ƙarami a Fagge, yayansa Abdulwahidu ya ajiye takardar gama sakandare a ƙasan akwati, ranar da aka kira shi neman aiki ya buɗe ya tarar gara ta riga shi. Muttaka ya ga ƙaton saurayi zaune a tsakar gida yana kuka da garin takarda a tafin hannu. Tun daga ranar ya yanke hukunci cewa takardar da ba ta da roba marainiya ce. Kuma bai taɓa samun mai musa masa ba, don a ƙasarmu kowa haka yake yi. Mutum zai karɓi shaidar digiri da hantsi, kafin azahar ya kai ta a gasa.

Malamin injiniya ne a wata kwalejin fasaha a gida. Ya samu tallafin karatu ya taho da iyalinsa yin digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak, yana bincike a kan tsatsar bututun ruwa. Mutum ne mai sanyi, ba ya faɗa, ba ya shiga sabgar da ba tasa ba. Amma akwai abin da ke cin sa a rai tun zuwansa, bai kuma cika faɗa ba. Sau da yawa ya kira dillalin gida a waya ana hira lafiya lau, da an tambaye shi ƙasarsa ya amsa, sai ya ji layi ya mutu. A banki, yarinyar da ke kanta takan duba fasfonsa, ta yi murmushi, ta tashi ta kira manaja. A jirgin ƙasan cikin gari, LRT, kujerar da ke gefensa ita ce ta ƙarshen samun mai zama. Wasu 'yan ƙasarsa ne da bai taɓa gani ba suka yi damfara, shi kuma yake yawo da kunyar a wuya. Abin da Muttaka ke so a duniya bai taka kara ya karya ba: ya samu ɗaki guda a wannan birni da zai shiga a ɗauke shi mutumin kirki tun kafin ya zuge jaka.

Sai annoba ta zo, aka kulle gari. Aka rufe ɗakin gwaji, bututun Muttaka suka ci gaba da tsatsa ba mai shaida. Zaman gida ya fito da baiwar da ke ɓoye a jikin ɗalibai. Wasu suka koma sayar da kilishi ta waya, wasu suka zama malaman wa'azi a zauren WhatsApp, waɗanda suka fi kowa ƙarfin hali suka zama likitocin citta da tafarnuwa. Shi kuwa Muttaka yana neman tsohuwar na'urar gwaji mai araha a intanet ya faɗa wani shafin gwanjo na Turai, ya tarar ana sayar da wasiƙun masu tsara kiɗa na zamanin da, waɗanda suka rubuta da hannunsu. Farashin bai burge shi ba. Abin da ya tsaya masa shi ne yadda, a wani bidiyon shafin, wata mata ta ɗauko wata wasiƙa da hannu biyu, a hankali, ɗaki ya yi tsit. Ashe akwai mutanen da suka san girman takarda.

A nan ne Kamila ta fara zuba ido, don tana da tsohon ƙorafi. Wannan Muttakan ne ya kori masu kalangu daga ƙofar gidansu ranar bikinsu, ya ce shi ba a yi masa kiɗa, aka kai ta ɗakin miji shiru kamar an je ta'aziyya.

"Baban Ummi," ta ce, "makaɗan garinmu ka kora, yanzu kuma makaɗan Turai kake wa ladabi?"

"Ba makaɗa ba ne, masu tsara kiɗa ne. Akwai bambanci."

"Bambancin shi ne waɗannan sun mutu, ba za su yi maka roƙo ba."

Maƙwabcinsu Nahum, mutumin Pankshin mai karatun akanta, wanda ke kaɗa fiyano a cocinsu, ya ji labari ya yi murna ya turo masa kiɗe-kiɗen. Muttaka ya sa a kunne da kyakkyawar niyya. Kafin masu goge su gama gaisawa barci ya kwashe shi. Ya gwada washegari, haka. Daga nan ya daina wahalar da kansa, ya ce shi dama ba kiɗan ya kawo shi ba, rubutun ne.

Cikin wannan yawo ya gano cewa a nan Kuala Lumpur ma akwai 'yar ƙungiya ta masu tara irin waɗannan takardu, kuma saboda kulle ta bidiyo suke taro. Shugabarsu wata dattijuwa ce, Madam Oon, wadda ta yi shekaru tana koyar da fiyano kafin ta huta. Ya rubuta mata da zullumi, ya faɗi sunansa da ƙasarsa a layin farko don a yi ta ta ƙare. Sai ga amsa: ana maraba da shi. Ranar taron farko ya sa babbar riga da hula a sama, gajeren wando a ƙasa, ya zauna gaban kwamfuta. Madam Oon ta kira shi Encik Muttaka, yadda ake kiran duk mutumin da ake girmamawa a ƙasar, ta tambayi lafiyar 'yarsa, ta nemi ra'ayinsa a kan tawadar wata wasiƙa da ta ci takarda. Ya yi bayanin ƙarfe da tsatsa, aka saurare shi har ya kai aya. Da aka tashi ya daɗe zaune bai cire hular ba, daɗi ya cika shi.

Mutum ɗaya ne bai sake da shi ba, wani lauya mai ritaya, wanda kowane taro sai ya sake tambayarsa, "To kai ainihin me kake yi a ƙasar nan?" Kuma ƙungiyar tana da ƙa'ida: mai saurare daban, ɗan ƙungiya daban. Wanda ke son kujera sai ya kawo takarda tasa ta asali, ya ajiye a tebur, kowa ya duba da idonsa. Aka ce za a yi haka a zaman farko na ido da ido, duk ranar da aka buɗe gari.

Muttaka ya ɗaura ɗamara. Akwai guzurin wani taron ilimi da annoba ta soke, yana ajiye, ya ce ai wannan ma ilimi ne. Manyan sunaye sun fi ƙarfinsa, ko kallonsu bai yi ba. Ya gangara can ƙasan jerin ya samu wani Bajamushe da ko Nahum bai taɓa jin sunansa ba, wanda ya mutu tun kafin a haifi kakan kakan Muttaka. Ranar gwanjon, bayan la'asar, ya zauna yana tayawa, wani da ba ya gani yana ƙarawa, gumi yana keto masa duk da fanka. Da mai gwanjo ya buga guduma Muttaka ya yi kabbarar da ta sa Kamila ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta ɗauka an sanar da ƙarshen korona.

Wasiƙar ta iso cikin kwali a cikin kwali. Takarda ce guda, ruwan ƙasa, mai laushi, rubutun ya kwanta gefe guda, a ƙasa ga ɗan dunƙulen jan kakin da aka rufe ta da shi, da tambarin zobe a jiki. An haɗo da fassara. Mutumin yana gaya wa ƙanwarsa cewa haƙori na damunsa, zakaran maƙwabci ya hana shi aiki, ta aiko masa da safar ulu da tulun kabeji mai tsami.

"Shi ke nan?" in ji Kamila. "Wannan ai saƙon cefane ne. Irinsa nawa na turo maka ka share?"

"Maman Ummi, tarihi ne."

"To Allah ya ba tarihi lafiyar haƙori."

Nahum ya leƙo daga bakin ƙofa da takunkumi a fuska, ya kalli wasiƙar daga nesa, ya ce, "Oga Muttaka, ka zama babban mutum fa. Ka kula da ita, ka san garin nan da danshi."

Ai kuwa kamar ya sosa masa inda ke ƙaiƙayi. Damina ce, kullum da yamma sai an tafka ruwa, tagogi a rufe, gida ya yi gumi. Takalmansa na zuwa makaranta sun yi fumfuna a bakin ƙofa, hular da ya ajiye a durowa ta fito da fari-fari. Ga kuma 'yar takardar da masu gwanjo suka haɗo, ta ce a kiyaye wasiƙar daga danshi da yawan taɓawa. Muttaka ya karanta ya gyaɗa kai. Ya ma ji tausayin Turawa, mutane da ilimi haka amma an bar takarda shekara ɗari biyu tsirara, ba wanda ya yi tunanin abin da kowane ɗan sakandare ya sani a Kano.

Ranar da aka bar shaguna suka buɗe, ya hau LRT ya sauka a Masjid Jamek, ya taka zuwa Jalan Masjid India, ya wuce masu yadi da masu sayar da hijabi, ya shiga wani ɗan shagon hoto da kwafi da ya saba zuwa. Aka auna zafin goshinsa, ya shafa man tsaftace hannu. Mai shagon ya san shi farin sani, don ya ci kuɗinsa ba kaɗan ba.

"Bos, yau me za a rufe?"

"Wannan. Ka yi a hankali, ta girmi kakanka."

"Boleh, boleh, za a iya. Mai kauri ko marar kauri?"

"Mafi kaurin da kake da shi."

Injin ya yi zafi, ya ja wasiƙar a hankali. Wani ɗan ƙauri ya tashi. Da ta fito ta ɗaya gefen tana sheƙi, jan kakin nan ya narke ya baje, tambarin zoben ya ɓace, sai wani tabo mai faɗi kamar an ɗiga manja a riga. Muttaka ya nuna tabon da yatsa. Mai shagon ya ɗaga ta sama ya duba, ya ce da irin lafazin mutanen ƙasar, "Ba komai lah, yanzu ba zai ɓalle ba." Muttaka ya ga gaskiyarsa. Ya miƙa takardar shaidar da masu gwanjo suka bayar ita ma aka gasa ta, aka zagaye kusurwoyin da almakashi don kada su yanki mutum. Ya fito da sauƙin rai, har ya tsaya a shagon abinci na mamak ya yi wa iyali tapau, wato ƙunshin tafiya gida, na gurasar roti.

Aka sa taron a wani ƙaramin ɗakin otal a Bukit Bintang, ranar Asabar da hantsi. Wannan karon babbar rigar har ƙasa ce. Madam Oon ta fi yadda yake zato ƙanƙanta, ta tarbe shi a ƙofa ta dafa ƙirji, idanunta na murmushi a saman takunkumi. Kowa ya wanke hannu ya goge. An shimfiɗa wani ƙyalle mai laushi a tebur, an ture kofunan shayi can gefe. Masu neman kujera suka fara gabatarwa, ana miƙa takarda daga hannu zuwa hannu, wani ya ɗaga ta ga haske, wani ya kai hanci ya shinshina, ana magana ƙasa-ƙasa. Muttaka yana kallo yana girgiza kai a zuci, yana cewa yanzu wani zai yi atishawa a yi asara.

Da aka zo kansa ya miƙe, ya zuge jaka, ya zaro wasiƙar ya ajiye. Ta yi ƙara a kan tebur. Ya yi ɗan jawabin da ya shirya a kan Bajamushen da haƙorinsa, sannan ya zo inda ya fi alfahari da shi. Ya ɗauke ta ya lanƙwasa ta dawo da kanta. Ya jawo kofin shayi ya ɗiga a kai, ya goge da hannun riga.

"Kun gani? Ko a kogi ta faɗa babu abin da zai same ta."

Wata mata ta kai hannu ta rufe bakin da takunkumi ya riga ya rufe. Muttaka ya ɗauka mamaki ne, ya tsaya yana jiran tafi.

Lauyan ne ya fara. Ya ɗauki abin da yatsa biyu, ya juya shi, ya ajiye. "Ta yaya za mu san ba hoton kwafi ba ne aka sa a roba? Ba a taɓa takardar, ba a jin kaurinta, ba a ganin yadda tawada ta zauna. In mutum yana son ɓoye jabu, ai haka zai yi." Ya kalli sauran, ya ƙara da cewa, "Ni dai tun farko na yi tambaya. Mun sha jin irin wannan labari daga wajen mutanen nan."

Muttaka ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Abin da ya gudo wa ne ya biyo shi har cikin ɗakin da ya ɗauka ya tsira. Ya koma jaka ya zaro takardar shaidar gwanjo ya miƙa. Ita ma ta yi ƙara a tebur. Wani a can ƙarshe ya yi dariya ya mayar da ita tari.

Madam Oon ta miƙo hannu aka ba ta wasiƙar. Ta sa tabarau, ta daɗe tana dubawa, ta tsaya a kan jan tabon. Da ta ɗago, idanunta sun kawo ruwa.

"Ta gaske ce," ta ce. "Kakin gaske ne ya narke a nan, hoto ba ya narkewa. Kuma ku yi tunani lah. Ɗan damfara ya san darajar abin da yake kwaikwaya. Babu macucin da zai yi wa kayansa haka."

Ɗaki ya ɗauki gyaɗa kai. Har lauyan ya kalli Muttaka da wani sabon kallo, irin wanda ake yi wa marar lafiya.

"Madam," in ji Muttaka, murya ƙasa, "ai ana iya ɓare robar, ko?"

"Gam ɗin ya shiga cikin takardar, Encik Muttaka. In ka ja, da rubutun zai taho." Ta shafa robar da yatsa. "Ta wuce yaƙe-yaƙe, ta wuce gobara da ɓeraye, hannu nawa ya riƙe ta bai cuce ta ba. Wa ya ce ka yi mata haka?"

"Ba kowa. So nake ta daɗe."

"Na sani," ta ce. "Shi ya sa abin ya fi ciwo."

A nan ya gane. Kunya ta rufe shi tun daga hula har takalmi, da baƙin cikin da bai yi zato ba, na wani Bajamushe mai ciwon haƙori da ƙanwarsa, waɗanda saƙonsu ya yi doguwar tafiya lafiya sai da ya iso hannun mai ƙaunarsa. Ya so ya ba da haƙuri, bai san wa zai ba ba.

Aka ce ya ɗan jira a waje. Da aka kira shi, Madam Oon ta sanar da shi cewa ya cika ƙa'ida, tunda ya kawo takarda ta asali, kuma babu mai shakkar gaskiyarsa. An ba shi kujera. Sai dai 'yan ƙungiya sun roƙi alfarma guda, kuma lauyan ne ya tsara lafazinta cikin ladabi: Encik Muttaka zai riƙa duba kayan mutane da ido kawai.

Ya hau jirgi ya koma gida. Kamila na jin motsin mukulli ta taso.

"Yaya? Sun yarda da kai?"

"Sun yarda."

"To me ya sami fuskarka?"

"Sun ce ba ni da wayon da zan cuci kowa."

Ta fashe da dariya, ta dubi idonsa, dariyar ta tsaya. Ta karɓi hularsa ta ajiye, ta je ta zubo masa abinci.

Bai daina zuwa ba. Duk wata yakan sa babbar riga ya tafi Bukit Bintang, a gaishe shi da suna, a tambayi Ummukulthum, in zancen tawada da tsatsa ya taso a juyo gare shi. Ba a taɓa tambayarsa fasfo ba, lauyan ma har shayi yake zuba masa. In aka fara zagayawa da takarda, takan taho daga hannu zuwa hannu har ta iso wurin na kusa da shi. Sai wannan ya miƙe, ya riƙe ta a gaban Muttaka ya kalla, hannayensa a ƙarƙashin tebur, sannan ya zagaya ta bayansa ya miƙa wa na gaba. Muttaka yakan ce ya gode. A duk ɗakin shi ne wanda kowa ya tabbata ba zai saci komai ba, kuma shi kaɗai ne ba a miƙa wa komai.